Zuwa ga Saƙon Talla, baƙon da ba ya sallama

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa daga Anu Araren, garin gawayin ƙasa. Da na tambaye ka gajiya, to kai ba ka gajiya, mu ne muka gaji.

Na bi diddigin asalinka. A 1978 aka haife ka a Amurka, ranar da wani ɗan tallan kamfanin kwamfuta ya aika wasiƙa guda ga mutum kusan 400 da ba su tambaye shi komai ba. Kamfanin gawayinmu kuwa, SONICHAR, tun 1975 aka kafa shi. Ya girme ka da shekara 3, sai ka tsuguna ka ji maganar manya.

Ka san wutar da kake sha? Gawayin nan ake haƙowa cikin ƙura da rana, a ƙona shi a tasha, wuta ta bi turaku zuwa Cirozerin da Agadas da Arlit. Da ita muke cajin salula. Ana kunnawa kai ne kan gaba, ka sha caji, ka lashe kuɗin intanet ɗin da aka sa na jika guda. Yau na ci mota a gasar da ban shiga ba, gobe wata baiwar Allah a Abijan tana neman mai riƙe mata gado. Duk faɗin duniya ba ta ga amintacce ba sai ni!

Waɗannan dariya muke yi musu. Wanda ba mu yafe maka ba daban ne. Tun da aka rufe mahaƙar yuraniyom ta COMINAK a 31 ga Maris 2021, ka san akwai magidanta a Akokan da ke zaune ba aiki. Su kake bi da albishir: wai ana ɗaukar ma'aikata, a turo kuɗin takardu kafin Juma'a. Mutum ya ci bashi ya tura, daga nan ba a sake jin ɗuriyarka. Wannan sata ce, ko da ka ɗaura mata tambarin kamfani.

Sai kuma ƙofar fitar nan taka, can ƙasan wasiƙa, da rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero: wai a latsa nan a huta. Wanda ya latsa ya shaida maka akwai mutum a gidan, washegari ka dawo da ƙannenka.

Maƙwabtanmu na Najeriya tun 2016 suke tura STOP zuwa 2442 su toshe tallan waya. Mu ma muna da hukumar kare bayanan mutane, HAPDP, a Yamai. To amma a wane gida za a kai maka sammaci?

Don girman Allah ka goge sunana daga littafinka. Motar ma na bar maka, ka ba baiwar Allahn nan ta Abijan.

Naka,
wanda bai taɓa ba ka adireshinsa ba.