Mutanen Filin Kwaleji

Tun da 'yan ƙwallon jami'ar UDS ta Tamale suka je Dalian ta ƙasar Sin a 2025, suka doke wata jami'ar Brazil, suka ɗauko kofin duniya na jami'o'i, kan ɗaliban arewacin Gana ya kumbura. Daga makarantar jinya ta Kpembe a gefen Salaga, zuwa kwalejin lafiya ta Yendi, har kwalejin malamai ta Gbewaa a Pusiga kusa da Bawku, kowane saurayi ya gano ashe shi ma ɗan Dalian ne, jirgi ne kawai ya tashi ya bar shi. A ƙaramar makaranta kuwa ƙwallon ba ta cika ƙayatarwa ba. Mutanen da ke kewaye da ita su ne abin kallo.

Akwai Da-ba-don-gwiwa-ba. Shi ne ya fi kowa kaya: takalmi sabo, safa har cinya, bandeji a ƙafar hagu. Zai gaya maka Real Tamale United sun neme shi, ƙungiyar da Abedi Pele ya taka wa leda kafin duniya ta san shi, sai gwiwa ta ci amanarsa. Ba a taɓa ganin ya buga minti goma ba. Wata rana kuma bandejin ya koma ƙafar dama, kowa ya gani, aka yi masa kara.

Sai Masta, malamin wasanni. Usur ɗaya gare shi, da shi yake horar da 'yan ƙwallon ƙafa da 'yan ƙwallon raga da masu gudu da masu jifan mashi. Dabararsa ba ta wuce biyu: "Ku matsa gaba!" in ana cinmu, "Ku koma baya!" in mun ci. Kada ka raina shi. Shi ke sayen ruwan leda da kuɗin aljihunsa, shi ke lallashin direba, shi ke zarya ofishin akanta, wanda tun da aka haife shi amsarsa ɗaya ce: kuɗi ba su sauko daga Ankara ba.

Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne Ɗalibin Damina. Ba ya tsirowa sai gasar kwalejoji ta ƙarato. Ba wanda ya taɓa ganinsa a aji, ba shi da gado a ɗakin kwana, amma ga katinsa da hoto, tawadar hatimin ma ba ta gama bushewa ba. Gemu ya cika, ƙwauri ya yi tauri, takarda ta ce shekararsa goma sha tara. In abokan hamayya suka tambaye shi darasin da yake karantawa, sai ya waiga ya dubi Masta. Bayan ya zura biyu, wani yaro a bakin fili ya yi tsalle yana ihu, "Baba ya ci! Baba ya ci!" Aka yi maza aka saya wa yaron alewa. Ba a kai ƙara ba, domin mai tsaron gidan ɗaya ɓangaren kowa ya san shi a tashar mota, shi ke lodin albasar Bawku.

Shi kuwa Mai-taimako ba ya shiga fili da rana. Tun da asuba ya kewaya turakun raga yana motsa baki, ya binne abin da zai binne, ya hana 'yan wasa bi ta ƙofa, sai dai su haura katanga. In an ci, aikinsa ne. In an sha kashi, wani ne ya gaisa da mace a hanya. A makarantar da rabin ɗalibanta mata ne, bai taɓa rasa hujja ba.

'Yan jama, masu ganga da waƙa, sun juya wa fili baya tun kafin a take wasa. Muryarsu ta dushe, ƙurar hunturu ta mai da su furfura, sai an tashi suke tambayar nawa da nawa.

Ga kuma Ɗan Milo, wanda ya shiga sansanin horo saboda an ce 'yan wasa na samun ƙwai da shayi mai kauri, sauran ɗalibai na fama da gari da sukari. Ya zaɓi gudun dogon zango. A zagaye na biyu sai ya dafe ƙirji ya zube, daidai inda 'yan makarantar jinya suke zaune, ba gaba ba, ba baya ba. Nan da nan mutum takwas sun rufu a kansa, wannan na fifita, wannan na ƙirga bugun jini, kowa na son gwada karatunsa. Aka zuba masa garin gulukos a tafin hannu, ya lashe tas, ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Sista, jirin bai gama sakina ba."