Yadda Ake Jera Tiren Kayan Marmari Har Baƙo Ya Kasa Sallama

Uwargida, in aka aiko cewa surukai na tafe, ko 'yan uwa daga birni, kada tuffa da inibin da kike gani a Facebook su tayar miki da hankali. Abin fita kunya yana nan kusa da ke.

Fara da duba lokaci. Da bazara mangwaro ke mulki, da kaka ga gwaba, da hunturu kuma kanya da magarya. Kankana kuwa manoman rani na bakin dam ɗin Thomas da na Watari sun gama mana komai. Lemo da ayaba da abarba baƙi ne daga kudu, sai sun sauka a kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa kafin su iso Dambatta ko Bichi. Ki tura maigida kasuwa, amma ki ja masa kunne ya ƙwanƙwasa kankana kafin ya biya. Ya duba cikinta, wajen da ta kwanta a ƙasa: in ya yi ɗorawa ta nuna, in fari ne fat, ya ajiye wa mai ita abarsa.

Babu firji? Ki luma kankanar a bokitin ruwan randa tun da hantsi, ki rufe da jiƙaƙƙen buhu. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, kankana mai sanyi ta fi doguwar gaisuwa saukar da gajiya.

Sai yanka, kuma nan ne ake gane gwanaye. Ki wanke komai, har wuƙar da hannunki, kuma kada ki kuskura ki ɗauko wadda ta yanka albasa. Surukarki za ta gane tun daga zaure. Kankana a yi ta ƙanana da ɓawonta, don a samu mariƙi. Mangwaro ki zaɓi marar zare irin binta siga, ki yanke kumatunsa biyu, ki tsattsaga ciki, ki turo ɓawon ta baya ya buɗe. Mai zare ki bar wa yara, domin dattijo ba zai iya kawo maganar aure yana sakace ba. Ayaba ce ta ƙarshe, saura minti 10 a fitar, ki matsa mata lemon tsami kada ta yi baƙi.

Wajen jerawa, jar kankana a zagaye bakin tire, mangwaro ya biyo, gwanda da lemo a ciki, kamar aikin hular zanna. Tsakiya kuwa ta 'yan gida ce: kanya, magarya, ɗinya in lokacinta ne, da dabino da jiƙaƙƙiyar aya. A ganina tiren da babu ko ɗaya daga cikinsu bai cika ba. Mutumin birni yana ganin abarba kullum a bakin titi, amma da ya hango kanya sai ya fara ba da labarin yarintarsa, har la'asar ta same shi a kan tabarma. Goruba dai a ƙulle masa a leda ya tafi da ita, a mutunta haƙoran manya.

Saura tsaro. Maƙiyan tire uku ne: ƙuda, akuya da Auta. Ƙuda faifai ne maganinsa, akuya a ɗaure ta a turke. Shi kuwa Auta, ki ware masa nasa kwanon tun kafin ki fara, har da ƙwallayen mangwaron, in ba haka ba zai tsaya a bakin ƙofa yana kallon bakin baƙo har kunya ta hana shi ci.

Ki haɗa da buta da kwanon zuba ɓawo, ki yi tire biyu, ɗaya zaure ɗaya cikin gida. In an ce miki baƙi biyar ne, uwargida, ki yanka na goma.