Jinjina ga Gwanin Kusurwa

Ina gwanin wani, ga namu! Birkilan da ya gano cewa kusurwar gida ba ta bukatar wahala ya cancanci yabo a bainar jama'a. Magabatansa sun ɓata lokaci suna cewa inda bango biyu suka haɗu sai an sarƙa bulo cikin bulo: wannan layi ya shiga ta gabas, na samansa ya hau shi ta kudu, don kowane bango ya riƙe ɗan'uwansa. Gwanin namu ya raba su da wannan takura. Sai ya ja bango ɗaya har sama, ya dawo ya jingina masa ɗayan, ya cusa ɗan kwaɓi a tsakani. Kowa tasa ta fisshe shi.

Sannu da basira, gwani! Masu ƙaramin sani ne ke sauke igiya mai nauyi don su ga ko kusurwa ta miƙe, ko su auna ƙafa 3 nan, ƙafa 4 can, su tabbatar tsakaninsu ya ba da 5. Kai idonka ya isa. In ka kanne ɗaya ka ce ta yi, to ta yi, ko da bangon ya fara rusuna wa maƙwabci.

Ga kuma tattali. Injiniya ya ce a sa rodi huɗu masu milimita 12 a ginshiƙin kusurwa, a ɗaure su da zobba. Ka sa biyu sirara, sauran suka bi ka gida. Buhun siminti mai kilo 50 ya yi albarka a hannunka, har bulon da ya haifa ana iya marmasa shi da yatsa. An ce kankare na son ruwa aƙalla mako guda, kuma sai ya kwana 28 ƙarfinsa ke cika. Kai ka zuba yau, gobe ka ɗora masa kaya, don kada ya saba da lalaci.

Ka fi Babban Gwani Muhammadu Durugu hangen nesa. Shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, da ƙasa da azara, bakan gizonsa suka daɗe a tsaye. Magina irinsa suna faɗaɗa gindin bango ya tafi yana sirancewa, don nauyi ya zauna a ƙasa. Me suka bar wa na baya su gyara? Kai kuwa duk damina sai an sake nemanka.

Kada a manta da mai gidan da ya kori injiniya, ya zaɓi mafi araha, ya ce ai filasta da fenti za su rufe komai. Sun rufe kuwa. Da ruwan Agusta ya jiƙa tushe, tsaga ta buɗe daga kusurwa ta haura har ƙasan rufi, ya ce a shafe ta da siminti. Madalla da wannan dabara!

A jikin wannan bango ake shimfiɗa wa yara tabarma. Ranar da ya rabu da ɗan'uwansa cikin dare, ku biyun za ku riga kowa cewa ƙaddara ce. Ku dai tanadi amsar da za ku bayar ranar da za a tambayi kowa amanar da aka ba shi.