Wasiƙa zuwa ga jika 20 ɗina da ke tsare a aljihun mai gida

Ina fatan kina lafiya, in dai har yanzu kina da rai.

Kin tuna ranar da aka turo ni koyarwa Dawce, na ƙirga ki a tafin Alhaji mai gidan haya, gaban mutum biyu? Cewa ya yi ajiya ce, kosiyon in ji masu Faransanci, ranar da na tashi zan karɓe ki cif. Ban nemi takarda ba. Da wane baki zan ce wa sa'an mahaifina ya sa hannu?

Shekara 3 na yi a ɗakin nan. Ina miƙa makulli sai Alhaji ya zaro lissafi. Jika 6 na yaɓen katanga da ruwan Agusta ya wanke, sai ka ce ni na roƙo ruwan. Jika 5 na azarar da gara ta ci, garar da na tarar har ta yi jikoki. Jika 4 na zogalen tsakar gida, wai akuyata ta cinye. Ni ko kaza ban taɓa kiwo ba. Akuyar ta uwargidansa ce, na san ta, ta san ni. Kwaɗon ƙofa kam ban musa ba, ni na ɓalle shi ranar da na yar da makulli a kasuwar Kance. A cire jika 1. Sauran 4 kuwa ya ce in bar masa, ladan zaman lafiya.

Na fara da mai gari, tunda doka a Nijar ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta irin wannan rigima. Aka ba ni haƙuri, Alhaji ya tafi da kuɗi. Sai na hau kabu-kabu zuwa kotun Matamaye. Can na ji ashe tun 1996 ƙasar nan take da dokar haya. Alƙali ya yi tambaya ɗaya: wa ya duba halin ɗakin ranar shiga, ya rubuta? Ni da Alhaji muka dubi juna. Shaidun nawa kuma, ɗaya ya tafi ci-rani Aljeriya, ɗayan surukin Alhaji ne, ya ce shi kunnensa ya daɗe ba ya ji sosai.

Sau biyu Alhaji bai zo zama ba, wai ciwon baya, alhali a Facebook na gan shi yana rawa a bikin jikarsa. Tsakanin kuɗin mashin, tambur da abincin rana, na kashe jika 9 ina biɗar ki. Mai ɗakina ta daina tambaya yadda aka ƙare, sai dai nawa aka kashe.

Don Allah, kafin zama na gaba ki yi masa nauyi a aljihu, ki hana shi barci. Ko rabinki ne ki taho. An maida ni Magarya, sabon mai gida shi ma ajiya yake jira, kuma wannan karon da biro da takarda zan je masa.

Naki har kullum,
Malamin makaranta, tsohon ɗan haya a Dawce.