Kada a Taɓa Mita!

Kakanninmu fatake ne. A ƙarni na 19 suna sauka Salaga daga Kano da Sakkwato da garken jakuna, su kawo kanwa da tufafi, su koma da goron da ake haurowa da shi daga ƙasar Asante. Duk labaran da tsofaffin zango suka ba mu, ban taɓa jin falken da ya sayi jaki ya ɗaure shi a inuwa don kada kofatonsa ya cinye ba. Wannan hikima sai da ta jira zuwana duniya.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, ya rasu ya bar Toyota Land Cruiser fara, doguwar nan mai benci biyu a baya suna kallon juna, irin wadda ƙungiyoyin agaji suka cika Tamale da ita. A gwanjo ya saye ta lokacin da wani shirin tallafi ya naɗe tabarmarsa, bai more ta ba ciwo ya kwantar da shi. Da aka raba gado, motar ta faɗo mana ni da ƙanina. Ya zagaya ta, ya bubbuga bayanta, ya ce, “Yaya, abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Mu cire bencin nan, mu ƙara mata sifirin, mai walda ya ɗora mata kariya a sama. Doya tana ruɓewa a ƙauyukan Kpandai don babu motar da ke iya shiga da damina.”

Ni kuwa idona yana kan mita: kilomita 28,000 da ’yan kai. Wani abokina malamin makaranta ya riga ya nuna min a waya cewa tun 1984 ake ƙera wannan samfurin, kuma a Amurka da Ostareliya akwai masu kuɗin da ke neman tsohuwarta wadda ba a taɓa ba ruwa a jallo. Na ce wa ƙanina wannan mota ba ta doya ba ce, ta ajiya ce, kowane kilomita da ya hau kanta kuɗi ne ya zube. Ya tambaye ni ko Ba’amurken ya san hanyar Salaga. Na tuna masa wanda ya riga wani zuwa duniya. Na kafa mata rumfa, na lulluɓe ta da tamfol, na rataya makulli a wuyana.

To, a zango motar da ba ta aiki motar kowa ce. Da a ce tana kan hanya da lodin doya, babu mai jin haushi. Amma ga ta nan a tsaye, tanki biyu, taya sabuwa, mai ita yana shan shayi a gefenta. Ƙarfe biyu na dare a buga ƙofa, matar maƙwabci tana naƙuda. Da hantsi a aiko, an yi rasuwa, makara ta yi wa tsofaffi nauyi. Tun da aka fara tashin alhazai daga filin jirgin Tamale a 2016, rakiya da tarba suka zama wajibi, ga shi tsakaninmu da Tamale kusan kilomita 120 ne a zuwa kawai. Kowa ya sauka sai ya ɗaga hannu ya ce, “Allah ya kai ladan kabarin Alhaji.” Amin. Mita tana hawa, ni ko sisi.

Sai na cire batir na ɓoye a ƙarƙashin gado, na shelanta cewa mota ta lalace. Ta yi damina a tsaye, ta yi hunturu a tsaye, zabbin Hajiya suna ƙwai a ƙarƙashinta, ni kuma kullum da safe in ɗaga tamfol in gaida mita.

Ana nan sai Gwaggo ta sa ranar auren autarta, miji ɗan kasuwar albasa a Bawku. Ta zo da kanta, ba ta ko zauna ba. Ta ce, “Na ji an ce motar yayana ta lalace. Ka ɗauko abin da ke ƙarƙashin gadonka ka gyara ta, ranar Alhamis za mu kai amarya.”

Ranar tafiya na tsaya a bakin ƙofar mota ina karanta doka: a cire takalmi, ba a cin goro, ba a jingina da gilashi. Gwaggo ta miƙa min kwallar cincin ta ce in riƙe. Kafin in sami inda zan ajiye, an shigar da katifa, da kan gado, da jeren kwanuka, da buhun shinkafa, da jarkar man ja, da ’yan rakiya da ba su ƙirguwa, kowace da ƙunshinta. Bayan motar ya durƙusa, hancinta ya kalli sama.

Ba mu kai Bimbilla ba taya ta yi bindiga. Na sauko ina rantsuwa cewa tayar nan ko zanenta bai goge ba. Mai facin da muka samu ya tofa yawu a yatsa, ya goge gefen tayar, ya nuna min wasu lambobi huɗu: biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekara. Ya ce, “Maigida, wannan tayar ta girmi yaron shagona.” Ya lanƙwasa robar, sai ga tsaga-tsaga ko’ina kamar faso a dugadugin manomi. Safayar ma sa’arta ce. Muna tsugune a bakin hanya, wani Motor King mai ƙafa uku ya wuce mu da akuyoyi da buhunan gawayi, direbansa har da ɗago mana hannu.

Dab da Yendi injin ya fara tari, ya ja, ya saki, ya ja, da ƙyar muka gangara garejin wani fita. Dattijo ne, bai ce komai ba sai da ya kwance filtar mai ya zazzage ta a gwangwani: ruwa a ƙasa, baƙin dauɗa mai yauƙi a sama. Ya buɗe gidan filtar iska, ya sa hannu ya fito da ɓawon gyaɗa cike da tafi, da audugar katifa, da rabin ɗankwalin Hajiya wanda aka yi wata guda ana zargin ’yar aiki a kansa. Ɓera ya yi ɗaki da falo. A bakin bututun iska kuma zanzaro ya yi gini hawa biyu.

Ya ce, “Malam, wannan injin silinda shida ne, lita 4.2, idan ana ba shi mai da juye a kan lokaci sai ya binne mai shi. Abin da ba ya so shi ne zama. Dizal ya daɗe a tanki, raɓa ta taru a ciki, ga abin da ya haifa. Roba in ba ta motsi bushewa take. Wa ya hana ta fita?”

Mata goma sha suka juyo suka kalle ni a lokaci guda. Na ce bari in je in yi azahar.

Daga masallaci na ɗan zagaya ta ƙofar fadar Gbewaa, gidan Ya-Na sarkin Dagomba, don zuciyata ta huce. Ina dawowa na hango tartsatsi yana zuba daga rufin motar. Mai walda yana sama, fita yana ƙasa yana cusa ƙarin ganyen sifirin, ƙanina yana riƙe da ƙarfe yana murmushi. Na yi ihu, “Wa ya ba da izini?” Gwaggo ta ce daga inuwa, “Ni. Gadon ’yata ba zai shiga Bawku a kan cinyar mutane ba. In kana da magana ka zo nan ka faɗa.” Na duba, ban ga wata magana ba.

Muka kwana a Yendi, da asuba muka kama hanyar Gushegu. Abin haushi, tun da aka taɓa motar sai ta warke. Kaya suka koma sama, bayanta ya miƙe, ramukan da ke sa manyan motoci rawa ita ko a jikinta. A gangaren dutsen Nakpanduri, inda hanya ke murɗewa a bakin kwazazzabo, ƙanina ya sa ƙaramar giya ya bar injin yana riƙe ta, mata suna salati, Gwaggo tana cin goro tana jingine da gilashi. Muka ratsa Garu, muka shiga Bawku da sauran rana, tun kafin lokacin dokar hana fita da garin ke fama da ita, Allah ya kawo zaman lafiya.

A wurin walima aka nuna min wani dillalin motoci da ke harka tsakanin Bawku da Cinkassé a kan iyakar Togo. Na ja shi gefe, na buɗe masa ƙofa, na nuna masa mita da yatsa, ina jiran ya dafe ƙirji. Ya leƙa, ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce, “Ɗan’uwa, duk motar da ta zo hannuna mitarta yarinya ce. Da kuɗin shayi ake mayar da ita baya. Ni ƙarƙashi nake dubawa da hayaƙi.” Ya durƙusa ya leƙa, ya ce sifirin ɗin nan da kariyar su ne za su sa ya ƙara kuɗi.

Surukinmu kuma ya ce abin kunya ne motar da ta kawo amarya ta koma wayam. Kafin in gama wanke hannu an kwance benci biyun an ɗaure su a sama, an cika cikin da buhunan jar albasar Bawku har rufi. ’Yan rakiya suka bi motar haya, ni na zauna a gaba ina hawaye, kowa ya ɗauka na rabuwa da amarya ne. Da muka sauke a Salaga, ƙanina ya ƙirga kuɗin dako a gabana: ya biya tayoyi, ya biya fita da mai walda, ya miƙo min ragowar. Na karɓa don kada ya ji babu daɗi.

Yanzu motar tana ɗaukar doya zuwa mashigin jirgin ruwa na Makango, da damina ta shiga daji ta kwaso kaɗanya. Duk Juma’a ƙanina yana kawo min kasona, kuma masu buga ƙofa da dare sun koma buga tasa. Ra’ayina dai yana nan: abu na asali ba a wasa da shi. Shi ya sa na karɓe benci biyun, na goge su, na lulluɓe su da tamfol a zaure, ina jiran Ba’amurke. Sai dai makon jiya an are su zuwa suna, jibi akwai ɗaurin aure, kuma liman ya aiko a tanadar masa su don tafsirin azumi.