Ranar da Wake Ya Hau Silin

Tun daga 29 ga Mayun 2023, ranar da aka ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta yi tsalle daga ƙasa da Naira 200 ta haura 500, babu ma'aikacin albashi a layinmu na Unguwar Rimi da bai koma ɗan kasuwa ba. Wani ya kafa kejin kaji a bayan gida, wani ya dasa lema a bakin titi ya zaunar da ƙaninsa da na'urar POS, wani kuma turare yake yawo da shi a jakar ofis, kana miƙa masa hannu yana fesa maka a hannun riga. Na duba waɗannan sana'o'i duka na ga ba su buƙatar zurfin karatu. Ni sai na zaɓi kayan hannu.

Dalilina mai ƙarfi ne, har yau ban sauka daga kansa ba. Kaduna ce hedikwatar Jihar Arewa har zuwa 1967, kuma ko bayan nan manyan ma'aikata da hafsoshin soja ba su daina yin ritaya a cikinta ba. Duk abin da suka saya a Kingsway da Leventis zamanin da Naira ke da ƙiba yana nan jibge a sito-siton gidajen GRA. In tsoho ya kwanta dama aka raba gado, 'ya'ya ba su da lokacin tsohuwar rediyo da fitilar gas, sai a kira ɗan jari-bola ya loda a kura. Ƙarshen tafiyar kayan ita ce Panteka, can Tudun Wada kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha. Ɗan gwangwan nauyin abu ya sani, ni kuwa tarihinsa nake iya tonowa a waya. Tsakanin nauyi da tarihi, in ji lissafina, nan ribata take kwance.

Jari ne ya so ya gagara. Na zaunar da uwargida na yi mata bayani dalla-dalla, ta saurara har na kai aya, sannan ta ce, “To Malam, a ina za a samo kuɗin?” Na ce a cefane za a ɗan rage na ɗan lokaci. Ta ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ake wa mai tafiya ci-rani addu'a.

Dole in yi mata adalci a nan: matar nan ta iya riƙe gida. Nama ya yi mana sallama ba tare da yara sun ga fitarsa ba, domin awara ta shiga miyar dage-dage a soye, an yanka ta ƙanana, sai ka tauna sau uku kafin ka gane an yi maka wayo. Ranar Talata takan tafi kasuwar Kawo ta auno wake da tsakin masara a mudu, in tumatir ya yi araha ta sayo kwando ta yanka ta shanya a rufin kwano, kauɗar ta kai mu damina. Jadawalin gidanmu ya koma garau-garau da mai da yaji, ɗan wake, faten tsaki da rama, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, da dare kuma tuwo miyar kuka wadda daddawa da kan busasshen kifi ke yi wa aikin da nama ya gudu ya bari. Kasuwancina na bunƙasa, miyarmu na tsinkewa.

Da gwanjo na fara, a Kasuwar Barci. Ban tsaya jiran a fasa dila ba, na kwashe rigunan sanyi masu kauri da wani ya sallama mini a farashin da ya ba ni mamaki. Watan Maris ne. Suna nan a ƙarƙashin gado suna jiran hunturu, kuma hunturu bai taɓa saɓa alkawari ba.

Sai keken ɗinki. Baƙi ne mai zanen ruwan gwal, Singer, na hango shi a Panteka tsakanin wata tsohuwar fanka da kan injin ban-ruwa. Na juya baya na laluba a waya. Harafin K da ke bin lambar samfurinsa, ashe, alama ce ta cewa a masana'antar Clydebank ta ƙasar Sikotilan aka ƙera shi, masana'antar da aka rufe tun 1980. Zuciyata ta buga. Abin da aka daina ƙerawa ai sai tsada. Na gyara fuska na yi irin ta wanda ya zo wucewa, na ɗaga waya a fakaice zan ɗauki hoto, sai mai kayan ya ce, ba tare da ya ɗago daga kwanon shinkafarsa ba, “Alhaji, kada ka wahalar da datarka, na riga na duba shi a eBay. Na Sikotilan ne.”

Wannan abu ya ɓata mini rai. Wa ya ba ɗan gwangwan izinin yin bincike? Muka yi ta tayi da albarka har aka kira la'asar, na saya dai, don kada ya ga kamar ya fi ni. A gida na ƙarasa karatun da ban ƙarasa a kasuwa ba: miliyoyin irinsa aka ƙera, Turawa da kansu neman mai kwashe musu suke yi, kuma kuɗin aika wannan ƙarfe zuwa Ingila ya isa a sayi wasu biyu a can. Wani tela a bakin kasuwar unguwarmu ne ya karɓe shi. Bai tambayi Sikotilan ba. Ƙyalle ya sa ya taka, ya kasa kunne ya ji ƙarar, ya duba ɗinkin ta baya, ya biya ni abin da na saya har da ɗoriyar kuɗin Keke Napep na zuwa, ban da na dawowa. Na rubuta a littafina cewa an fita lafiya.

Wata tukunya da na samo a Panteka ita ce babbar harka. Ta alminiyon ce mai kauri, murfinta na kullewa da hannu biyu, da ɗan bututu a tsakiya. Mai ita ya ce daga wani gida a GRA ta fito, Naira 9,000, na taya 5,000, aka daidaita a 7,000. Ɗan ƙarfen da ake ɗorawa a kan bututun ya ɓace, amma wannan ba matsala ba ce a Panteka, inda in ka kawo hoton abu da safe za ka karɓe shi kafin azahar. Wani yaro ya kalli hoton a wayata, ya shiga rumfa ya fito da shi yana sheƙi.

Daren nan ban yi barci da wuri ba. Na gano cewa wani Bafaranshe, Denis Papin, shi ya ƙirƙiro irin wannan tukunya a 1679 yana zaune a Landan, har ƙashi yake dafawa a cikinta ya yi laushi. Na gano cewa a tukunyar da muka saba ruwa ba ya wuce maki 100 na zafi komai wutar da ka hura masa, amma in aka kulle tururi ya rasa hanyar fita, zafin kan kai wajen 120, shi ya sa waken da ke cin sa'a guda da wani abu yake nuna cikin ƙasa da rabin sa'a. A lokacin da kowace uwargida a Kaduna ke girgiza tukunyar gas tana sauraron abin da ya rage, wannan ba tukunya ba ce, asusu ce. Na ga kaina ina odar irinta goma-goma. Akwai wani sashe a ƙasan shafin da ya yi magana a kan ƙa'idojin amfani, to daidai nan datata ta ƙare, kuma ban ga laifina a tsadar data ba.

Shawarar da na yanke ita ce a yi bidiyon gwaji a ɗora a WhatsApp da Facebook, masu saye su gani da idonsu. Ranar Asabar aka sa. Aka yi rashin dace, ko dace, surukata ta zo daga Zariya duba jikoki, tana zaune a falo a kan darduma da carbinta. Na gaishe ta a durƙushe, na zagaya ta bayanta na shiga kicin, wurin da rabona da shi tun ranar da na sa ƙwan lantarki.

Uwargida ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu. Babban ɗana ya riƙe waya. Na juye wake mudu guda cur, na bi shi da ruwa har kusa da wuya, saboda gas ɗaya ya dafa na kwana da kwanaki, ai tattali kenan. Sannan na miƙa hannu na ce a ba ni kanwa.

“Malam, ita ma wannan sai an sa mata kanwa?”

Na yi mata bayani cikin haƙuri. Kanwa na rage rabin lokacin dahuwar wake, wannan kowace mace ta sani. Tukunya kuma na rage fiye da rabi. In aka haɗa biyun, a lissafi, waken zai nuna tun kafin a gama ƙyasta ashana. Ta miƙo kanwar, ta ja baya taku biyu.

Na kulle murfi, na ɗora ɗan ƙarfen, na kunna wuta, na fuskanci waya na fara jawabi. Na yi sallama ga masu kallo, na ambaci Denis Papin da 1679, na shiga batun maki 120. Tukunya ta fara huci, ɗan ƙarfen yana rawa yana tsaki kamar jirgin ƙasan Abuja zai tashi daga tashar Rigasa. Na ce wa masu kallo wannan ita ce muryar tattali. Can sai ta yi shiru. Na ce musu kun ji, har ƙarar ma ta san lokacin dainawa.

Abin da ke faruwa a ciki, kamar yadda na karanta daga baya da aka sa mini data, shi ne wake na kumbura yana kumfa, kanwa na ƙara masa, shi ya sa ba a cika irin tukunyar nan da wake fiye da rabi. Kumfa da ɓawo sun toshe bututun, tururi ya rasa ƙofa. Amma masu ƙera ta sun san akwai irina a duniya, sun bar wata 'yar toshiya a gefen murfi wadda ke fita in abu ya yi ƙamari.

Ta fita.

Ƙarar ba ta kai ta bindiga ba, ko da yake maƙwabta sun ce ta kai. Abin da na gani shi ne igiyar ruwan wake, ja-ja saboda kanwa, ta miƙe sambal daga murfi zuwa silin, ta bazu a can ta fara sauko mana. Uwargida ce ta sunkuya ta kashe gas, ta fice. Ni kuwa, da yake shugaban gida ne ya kamata ya fara isa waje don ya tsara yadda za a kwashe iyali, na riga kowa. Hanyar waje ta falo take. Na tsallake ƙafafun surukata, abin da ban taɓa zaton zan yi ba a rayuwata, hulata ta faɗi a kan dardumarta, santsin wake ya kwashe ni, na ƙarasa bakin ƙofa a zaune. Ba ta ɗago ta dube ni ba, baiwar Allah. Ta ja carbi ɗaya ta ce, “Sannu Malam. Allah ya kiyaye gaba.” Sannan ta sa yatsa biyu ta ɗauke hular ta ajiye a gefe.

Kafin in miƙe tsakar gida ta cika. Mai POS ya zo da bokitin yashi, ya ɗauka tukunyar gas ce ta tashi. Mai turare ya leƙa kicin ya fito ya ce yana da wani na Dubai da ke kashe ƙaurin wake. Kajin maƙwabcina, da suka ga ƙofa a buɗe, suka shigo suka fara aikin shara ba tare da an gayyace su ba. Ɗana kuma bai daina ɗauka ba, domin ban ce ya daina ba, kuma yaro ne mai biyayya.

Ga abin da ba wanda ya tsaya ya yaba: da tukunyar ta huce aka buɗe, waken da ya rage a ciki ya nuna luguf, cikin ƙasa da minti 20. Uwargida ta zuba masa manja da albasa da attarugu, aka yi fate, surukata ta ci har ta ƙara. Na so in jawo hankalin jama'a ga wannan nasara, amma ina kan tebur da tsumma a hannu ina goge silin, kuma daga can sama magana ba ta da kwarjini.

Bidiyon ban ɗora shi ba. Yaron ne ya tura wa ɗan ajinsu guda ɗaya tak, bisa amana. Zuwa Litinin, ina shiga ofis masinja ya gaishe ni da “Barka da zuwa, Denis Papin.”

Na ce a kai tukunyar sito. Uwargida ta ce a bar mata. Ta kira wata dillaliya da ke shigo mata da atamfa, dillaliya ta kai wa wata mata mai sayar da farfesun ƙafar sa. Matar, aka ce, ba ta tambayi tarihi ba. Ta ɗaga murfi ta leƙa bututun ta hasken rana, ta ja robar bakin ta ce ta saki, ta ce toshiya da roba za ta sa a nemo mata, irinta biyu gare ta a gida. Ta biya Naira 12,000.

Ribar 5,000 kenan, mafi girma tun da na fara harkar, kuma a kan kayan da ni na gano. Da dare na miƙa hannu. Uwargida ta jawo littafin cefane ta buɗe. La'adar dillaliya 1,000. Wake mudu guda, an cire wanda aka ci, an bar na silin da na kaji. Gas. Omo da soson ƙarfe. Farar ƙasa da ladan yaron da zai shafa, domin tsummana ya bar taswira. Wankin dardumar Hajiya. Sai wani layi da ta rubuta “tsorata yara”, na ce wannan ba ya cikin ƙa'idar kasuwanci, ta ce ita ma kanwa ba ta cikin ƙa'idar tukunya.

“To uwar kuɗin fa, 7,000 ɗina?”

“Naka? Malam, kuɗin naman wata biyu ne. Sun koma inda suka fito.”

Ta ƙirgo Naira 350 ta ɗora mini a tafin hannu, ta ce in na fita sallar isha'i in biya ta wurin mai shago in taho da ashana.