Kuros ɗin Farfela da Kazar Uwargida

Tsohuwar Hilux ɗina ta tsiro da sabon hali. Da na saki kuloci sai in ji "ƙwal!" daga ƙarƙashi, in kuwa na miƙa hanyar Zariya, kujera ta kama karkarwa har haƙorana na haɗuwa. Ƙanin matata, wanda ya taɓa wanke sifana a gareji kafin ya koma sayar da kati, ya leƙa ya ce, "Yaya, kuros ɗin farfela ne. Kada ka ɓata kuɗinka wurin bakanike, ina raye."

Muka sayo sabo a Ƙofar Ruwa. Ɗan ƙarfe ne mai ƙafa huɗu, kowace ƙafa da hularta, cikin kowace hula an jera siraran allurai da giris kaɗai ke riƙe da su.

Ya shige ƙarƙashi ya kwance notuna huɗun baya. Birkin hannuna ya daɗe da rasuwa, a giya nake barin motar. Ashe farfela ce ke haɗa giya da tayoyin baya. Tana saukowa sai mota ta kama tafiya a hankali, kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa, yaro kwance a tsakiya yana salati. Ta wuce ta kansa ba ko ƙwarzane, ta je ta jingina da katangar Liman.

Bai karaya ba. Ya ɗauko guduma ya fitar da tsohon kuros, da ya zo sa sabo kuma hula ɗaya ta suɓuce, allurai suka watse a ƙasa. Muka durƙusa muna tsinta. Saura ɗaya, ina gani da idona, kazar uwargida ta cafke ta haɗiye.

"A yanka ta," in ji shi.

"Ku fara yanka motar," in ji yayarsa daga bakin ƙofa.

Sai ya cike gurbin da allurar tsohon kuros, ya mayar da farfela ba bisa saitinta ba, don ko alli bai shafa ba kafin ya kwance. "Ƙwal" dai ta tafi, amma karkarwa ta ninka, madubi ya faɗo kafin mu kai Na'ibawa.

Bakanike ya saurari labarin tsaf, ya kira yaransa ya ce, "Alhaji, don Allah maimaita musu daga wurin Liman." Kuɗin aikin ko kobo bai rage mini ba.